Fomatin ko Bin Diddigi: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Mutuwa

Cikin duk larurorin kwamfuta babu wadda mutane suke yi wa haƙuri kamar ta ƙin mutuwa. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, a ranar za a kai ta wurin gyara, don aiki ya tsaya. Amma idan an gama aiki ne aka ce ta mutu, sai 'yan ɗigogin nan suka yi ta zagaye a kan allo babu ranar tsayawa, ko kuwa allon ya yi baƙi amma fanka tana ta huci, ƙaramar fitilar gefe kuma tana nan a kunne, mai ita ba ya ɗaukar abin da zafi. Yatsa kawai zai ɗora a kan makunni ya danne har ta yi ɗif, ya rufe ya kama gabansa. Haka za a yi wata da watanni. Ba ya neman mai gyara sai ranar da ya rufe laftof a gaggauce ya jefa a jaka yana zaton ta mutu, ya isa gida ya tarar da ita zafi zau, batir ya ƙare tas. Ko kuma ranar da ya kunna ta tsaya gyaran faifai, bayan ta gama wani fayil ya ƙi buɗuwa.

A wurin masu gyara kuwa, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, amsa biyu ce za ka samu. Ta farko, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce "sai an yi mata fomatin", wato a share Windows da duk abin da ke kanta a ɗora sabuwa. Ta biyu ita ce ta mai gyaran da zai jawo kujera ya fara yi maka tambayoyi: yaushe ta fara, me ka sa mata kwanan nan, a ina take tsayawa. Ni dai ina tare da na biyun, amma ba don na farkon bai san aikinsa ba. Yana da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi ne.

Kafin a auna su, sai an san abin da ke faruwa daga lokacin da aka danna Shut down zuwa lokacin da wuta ta yanke, domin da yawa suna ɗauka kashe kwamfuta kamar kashe ƙwan lantarki ne. Da can kusan haka abin yake. Kwamfutocin farkon shekarun 1990 makunninsu yanke wuta yake yi kai tsaye, shi ya sa Windows 95 takan gama tattara kayanta ta rubuta maka a allo cewa yanzu babu laifi ka kashe, kai kuma ka danna da hannunka. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, a ƙarshen 1996 kuma Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta ba manhaja ikon umartar na'ura ta yanke wa kanta wuta. Sauƙi ya samu, amma da shi matsalar ta shigo. Windows 98 ta biyu ta yi ƙaurin suna wajen maƙalewa a lokacin kashewa, har sai da Microsoft ta fitar da gyara na musamman dominta a 1999. Ke nan ciwon ya haura shekara ashirin da biyar, ba na jiya ba ne.

Yau kashe kwamfuta ya fi kama da tashin ma'aikata a babban ofis: maigadi ba zai sa wa ƙofa kwaɗo ba sai kowa ya fito, mutum ɗaya da ya tsaya a ciki ya isa ya hana shi tafiya gida. Windows takan fara sanar da manhajojin da ke buɗe cewa za a tashi, kowace ta ajiye aikinta. Sai ta fitar da mai amfani daga asusunsa. Sai ta tsayar da manhajojin bayan fage, waɗanda ba ka ganinsu amma suna aiki, irin masu kula da firinta da intanet da sabuntawa da kariya daga bairos. Sai ta juye abin da ya rage a ƙwaƙwalwa zuwa faifan ajiya. Daga nan ta bi na'urori ɗaya bayan ɗaya ta hannun direbobinsu, wato manhajojin da ke sarrafa su, na hoto, na sauti, na Wi-Fi, na USB, kowanne ya ce ya shirya. A ƙarshe ta miƙa wa BIOS, manhajar da ke jikin allon na'ura, maganar ta hanyar ACPI, shi ne zai yanke wuta. Manhaja ta gaba idan ta yi taurin kai, Windows tana da ikon korarta bayan daƙiƙu kaɗan. Direba kuwa a cikin gida yake, ba a korarsa haka nan. Idan bai amsa ba, kowa jira zai yi.

To, mai fomatin me yake cewa? Cewa yake, ni ba ni da lokacin neman wanda ya tsaya a ciki. Kuma ka dubi teburinsa kafin ka ga laifinsa. Laftof bakwai ko takwas ne a jere, yawancinsu na hannu da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kowace ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu. Ka buɗe ɗaya ka ga manhajar kariya iri biyu suna faɗa da juna, ga manhajojin da aka fasa makullinsu da wasu 'yan shirye-shirye da babu wanda ya san daga inda suka fito, ga bairos ɗin filash da ya mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, ga tarkacen direbobin modem na kamfanonin waya da aka daina amfani da su shekara da shekaru. A irin wannan kwamfuta ƙin mutuwa ɗaya ne daga cikin cututtuka goma. Ko ka gano abin da ke riƙe ta yau, jibi wani zai fito. Fomatin aiki ne da aka san farkonsa aka san ƙarshensa: awa ɗaya ko biyu, yaron shago ma zai iya, ga shi ana iya sa uku a lokaci guda. Mai kaya kuma zai karɓi kwamfutarsa ya ga ta yi sauri, ta yi tsaf, ya biya da daɗin rai. Idan asalin matsalar manhaja ce da ta lalace, ko fayilolin Windows da yawan ɗauke wuta ya ɓata, ko bairos, to fomatin ya yi magani na gaskiya, babu ja a kan wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ƙin mutuwa ya fi sauran larurori yawan zama a wuraren da fomatin ba ya kaiwa, ko kuma wuraren da fomatin yake mayarwa yadda suke da hannunsa.

Babban misali shi ne abin da ake kira Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012 kuma yana nan a Windows 10 da 11. Tun daga lokacin, idan ka danna Shut down kwamfutarka ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba. Takan rufe manhajojinka ta fitar da kai, amma zuciyar Windows da direbobi sai ta naɗe su yadda suke ta adana a wani babban fayil mai suna hiberfil.sys, don gobe ta ɗauko su a shirye ta tashi da wuri. Wanda yake shakka ya buɗe Task Manager ya duba tsawon lokacin da kwamfutar ta ce ta yi a kunne; zai ga kwana tara ko sha biyu, alhali kullum da dare yana kashe ta. Wannan dabara tana buƙatar kowane direba ya iya kwanciya ya farka lafiya, ga kuma rubutu mai yawa a kan faifai a daidai lokacin kashewa. Tsohuwar laftof mai tsohon direba a nan take cijewa. Yanzu ka yi mata fomatin: sabuwar Windows za ta zo da Fast Startup a kunne, domin haka ake ɗora ta. Ka share komai, ka dawo da abin da ya kawo ka.

Direbobi ma haka. A 2015, da Windows 10 ta fito, masu laftof da dama sun yi ta kuka da cewa allo yana mutuwa amma injin bai mutu ba, aka kuma gano cewa a yawancinsu direban Intel Management Engine Interface ne, sigar 11, bai jitu da na'urorinsu ba. Maganin shi ne komawa sigar da ta gabata. Wanda ya yi fomatin kuwa a lokacin, da zarar ya haɗa intanet sai Windows ta sake sauko masa da direban nan da kanta, a koma gidan jiya. A shagunanmu akwai ƙarin wata al'ada: bayan fomatin sai a sa filash mai ɗauke da tarin direbobi, a danna ya zuba wa kwamfuta duk abin da ya ga dama. Yana saurin gama aiki, amma ba kullum yake zaɓar wanda kamfanin laftof ɗin ya gwada a kan wannan samfurin ba. BIOS kuwa ba a kan faifai yake ba sam, a jikin allon na'ura yake, ko sau goma ka share faifai bai san ana yi ba. Haka nan idan wata na'ura ce da aka jona ta USB, firinta ko faifan waje ko ɗan abin Wi-Fi, tana nan a gida ko a ofis tana jiran kwamfutar ta dawo.

Sai kuma kuɗin da ba a lissafawa. Fomatin ba ladan mai gyara kaɗai yake ci ba. Akwai datar da za a ƙona wajen sabuntawa, akwai manhajojin aiki da sai an sake nemo su, akwai kalmomin sirri da aka daɗe da mantawa, akwai fayilolin da aka ce an kwashe amma ashe an bar babban fayil guda a baya. Ɗalibin da furojet ɗinsa yake kan Desktop shi ya san wannan. Abin da ya fi damuna ma shi ne, fomatin yana share shaida. Windows tana rubuta tarihin abin da ke faruwa da ita, kuma a cikin tarihin nan sau da yawa sunan mai laifin yana rubuce. Idan matsalar ta dawo bayan mako biyu, an rasa rubutun watannin baya da zai nuna ranar da ta fara da abin da aka sa a ranar.

Bin diddigi kuwa ba wani tsafi ba ne, kuma rabinsa tambaya ce. Ga yadda takan kasance a gaban mai gyaran da ya san hannunsa:

"Injiniya, ita fa lafiyarta ƙalau, mutuwa ce kawai ba ta yi."

"Ranka ya daɗe, idan ka ce mata Restart fa, tana zagayowa?"

"Wannan kam ba ta ɓata lokaci."

"To an rage mana aiki. Allon yana mutuwa kafin ta tsaya, ko rubutun yana nan?"

"Yana yin baƙi, sai dai fankar."

Da waɗannan tambayoyi biyu ya riga ya yi nisa. Restart ba ya bi ta Fast Startup, kashewa ce cikakkiya sannan a tashi. Idan Restart yana tafiya lafiya amma Shut down yana maƙalewa, zargi ya koma kan Fast Startup da direbobin da yake dogara da su. Tabbatarwa ba ta cin minti biyu: a danne Shift a riƙe sannan a danna Shut down, wannan yana sa ta yi cikakkiyar mutuwa. Idan ta mutu tsaf, sai a shiga Control Panel, sashen Power Options, wurin da ake zaɓar aikin makunni, a cire alamar da ke gaban Fast Startup. Kwamfuta mai SSD ba za ta ma ji bambanci a saurin tashi ba. Wannan gwaji shi kaɗai yana sallamar kwamfutoci masu yawa, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba.

Wurin da take tsayawa shi ma magana yake yi. Idan Windows ta nuna sunan wata manhaja ta ce ita ce ta hana kashewa, ai an gama, ta faɗi da bakinta. Idan rubutun kashewa ne ya tsaya a allo ɗigogi suna zagaye, yawanci wata manhajar bayan fage ce, ko sabuntawa da ta tsaya a tsakiya, ko faifai da yake wahalar rubutu. Idan allo ya mutu fanka ba ta mutu ba, an wuce manhajoji, magana ta koma kan direba da BIOS. Nan ne ake cire duk abin da aka jona a jikinta a gwada, a duba direban hoto da na Wi-Fi da na allon na'ura a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a ga ko akwai sabon BIOS. Sabunta BIOS dai ba a yinsa da mataccen batir a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, domin idan wuta ta yanke a tsakiya, kwamfutar da ta ƙi mutuwa za ta koma wadda ta ƙi tashi.

Akwai wani gwaji da ba ya buƙatar ilimi ko kaɗan, sai haƙuri, kuma shi ne mutane suka fi kasawa: a bar ta sau ɗaya. A jona caja, a ce ta mutu, a tafi a yi salla a ci abinci. Sau da yawa ɗayan biyu zai faru mai amfani. Ko ta mutu daga baya, wanda ke nuna jinkiri ne ba sandarewa ba, kuma Windows za ta rubuta wanda ya jawo jinkirin. Ko kuma bayan wasu mintuna ta gaji da jiran direban ta faɗi da shuɗin allo mai ɗauke da DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, ta bar ɗan fayil a cikin Minidump wanda sau da yawa yake nuna direban da ya ƙi amsawa. Mai danne makunni bayan minti ɗaya kullum yana katse maganar kafin a kai ga sunan. Irin wannan faɗuwa ce ma ta sa wasu kwamfutocin idan an kashe su sai su sake tashi da kansu: faɗuwa suke yi a hanya, Windows kuma an saita ta ta tashi bayan faɗuwa, mai ita bai ga shuɗin allon ba.

Tarihin nan da Windows take rubutawa yana cikin Event Viewer, kowane abu da lambarsa. Lamba 1074 tana nuna wanda ya ba da umarnin kashewa da lokacin. Lamba 6006 tana nuna an rufe kundin lafiya. Lamba 6008 da 41 suna nuna an yanke mata wuta ba shiri. Masu amfani sosai suna can ciki, a sashen Diagnostics-Performance: 200 tana faɗin tsawon lokacin da kashewa ta ɗauka, 201 tana ambaton manhajar da ta jawo jinkiri, 202 na'ura, 203 kuma manhajar bayan fage. Idan kundin bai faɗi komai ba, sai a koma ga msconfig, a ɓoye na Microsoft, a kashe sauran manhajojin bayan fage gaba ɗaya a gwada. Idan ta mutu lafiya, mai laifin yana cikinsu. Ba ɗaya bayan ɗaya ake binsu ba: a kunna rabi a gwada, a sake raba rabin da matsalar take ciki, haka har a kai ga guda. Ko sun kai sittin, gwaji shida ya isa.

Sai dai in faɗi gaskiya, wannan hanya tana da nata raunin, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Na farko, mai rubuta kundin shi ma yana cikin waɗanda ake sallama, don haka duk abin da ya faru a matakin ƙarshe, wanda shi ne mafi wuya, babu wanda ya rubuta shi. Lamba 41 da mutane suke gani su ce sun gano matsala ba ta gano komai ba. Cewa kawai take yi ba a kashe ta lafiya ba, an danne makunni ko an ɗauke wuta ko ta faɗi, abin da mai kwamfutar ya riga ya sani. Ga kundin cike da jajaye da rawayen gargaɗi waɗanda ko a lafiyayyar kwamfuta akwai su, wanda bai saba ba sai ya bi wanda ba shi ba ya wuni. Sannan kowane gwaji sai an kashe an kunna, a tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa wannan minti biyar ne ko fiye. Mafi muni ita ce wadda ba kullum take yi ba, yau ta mutu gobe ta ƙi. A gaban mai gyara sai ta yi ladabi sau biyar a jere, a kai ta gida ta koma halinta. A nan bin diddigi yana iya cin kwanaki, mai kaya kuma aiki yana jiransa.

Akwai kuma wata hanya da take shigar burtu da sunan bincike alhali ba shi ba ce: shiga rijistar Windows a rage lokacin da take jiran manhajoji, a sa ta riƙa kashe su da ƙarfi. Kwamfuta za ta riƙa mutuwa da sauri, haka ne, amma manhajar da take tsakiyar ajiye aiki an yanke mata hanzari. Idan kuwa direba ne ya riƙe, wannan saitin bai shafe shi ba ko kaɗan.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da cewa yawan fomatin ba daga wuyar matsalar yake ba, daga rashin gani ne, shi ne yadda abin yake a Linux. A Ubuntu da 'yan'uwanta, idan kwamfuta ta tsaya a hoton kashewa, Esc kawai za ka danna hoton ya kauce, ka ga rubutu yana cewa ana jiran aiki kaza ya tsaya, ga sunansa, ga agogo yana ƙirga daƙiƙu. Tsarin systemd, wanda Ubuntu ta koma kansa a 2015, yakan roƙi aiki ya tsaya, ya ba shi minti ɗaya da rabi, idan ya ƙi ya kashe shi da ƙarfi. Fedora ma ta rage wa'adin zuwa daƙiƙa 45 a 2023. Bayan an tashi, umarnin journalctl -b -1 zai kawo maka rubutun zaman da ya wuce har zuwa layinsa na ƙarshe. Ba wai Linux ba ta maƙalewa ba ne. Tana yi, musamman idan an jona ta da ma'ajiyar wata kwamfuta ta hanyar sadarwa sannan hanyar ta yanke, ko direban hoto ya cije. Amma da wuya ka ji mai Linux ya ce zai share komai saboda wannan, tunda ga sunan a gabansa. Windows ma tana da irin wannan, wani saiti da ake kira VerboseStatus, wanda idan an kunna shi take faɗin matakin da take kai a maimakon ɗigogi. A kashe yake zuwa, kuma masu gyara kaɗan ne suka damu da shi.

Idan haka ne, me ya sa fomatin ya ci kasuwa? Ina ganin amsar tana aljihun mai kaya fiye da kan mai gyara. Mu ba mu saba biyan sani ba, wahala muke biya. Injiniyan da ya yi tambaya biyu ya cire alama guda ya miƙo kwamfuta cikin minti goma, abin da zai ji shi ne, "Haba Injiniya, wannan ɗan abin da ka taɓa ne za ka ce in biya?" Wanda ya riƙe ta kwana guda ya share ta, ya dawo da ita da sabon hoto a allo, babu mai yi masa ciniki mai tsanani. Mai gyara ba wawa ba ne. Ya ga wanda ake biya. Shi ya sa yaran da suke koyon aiki suke ƙwarewa a ɗora Windows cikin wata guda, amma su shekara ba su buɗe Event Viewer ba. Duk mai son a bi masa diddigi, sai ya yarda tun farko cewa ladan gano matsala daban ne, ko da maganin bai wuce danna abu ɗaya ba.

Akwai wuri guda da zaɓin ya wuce maganar kuɗi da lokaci, ya zama na asara. Faifan ajiya da ya fara mutuwa yana daga cikin masu jawo wannan matsala, domin lokacin kashewa lokacin rubutu ne, shi kuma yana ta maimaita rubutu a wurin da ya lalace. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne: kwamfutocin tebur babu UPS, laftof masu mataccen batir da suke mutuwa tare da NEPA, ga zafi, ga ƙura, ga faifan da ya riga ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso. Faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa da kansa, abin da ake kira SMART, kuma ƙaramar manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi cikin daƙiƙu. Idan ta nuna rawaya, ta ce akwai gurabun da aka sauya ko waɗanda ake jiran sauyawa, to a ajiye maganar kashewa gefe, a kwashe fayiloli yanzu, mafi muhimmanci da farko. Yi wa irin wannan faifai fomatin ɗora masa aiki mafi nauyi ne a lokacin da ya fi rauni, kuma ko Windows ta hau, ba za ta daɗe ba. Nan sabon faifai ake buƙata, in da hali SSD.

Danne makunni kuwa, wanda kowa yake yi, ba haramun ba ne. An gina shi ne cikin ƙa'idar ACPI don irin wannan rana: riƙe shi na daƙiƙa huɗu yana yanke wuta ba tare da neman izinin manhaja ba, wasu laftof sai an kai goma. Tsarin NTFS yana da kundin da yake kare fasalin faifai daga rugujewa, amma ba ya dawo da abin da ke cikin fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa, filash mai FAT32 kuma ko wannan kariyar ba ta da ita. Idan allo ya riga ya mutu, fitilar faifai ta daina ƙiftawa, haɗarin kaɗan ne. Idan kuwa rubutun sabuntawa ne a allo yana cewa kada a kashe, a bar shi ko zai kai awa, musamman a tsohon faifai.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a ba bincike wa'adi. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa a gwada Restart da Shift, a cire kayan USB, a duba SMART, a leƙa kundin, a kashe manhajojin bayan fage. Idan an yi wannan babu haske, ko kuwa an buɗe an ga kwamfutar ta riga ta zama juji, to a kwashe fayiloli, mai kaya ya duba da idonsa cewa sun cika, a yi fomatin. Amma ko a nan akwai yadda ake yi. Da zarar Windows ta hau, kafin a haɗa intanet, kafin a sa komai, a kashe ta a gani. A sa direbobi daga shafin kamfanin, a sake kashewa. A bar ta ta yi sabuntawa, a sake. Sannan manhajar kariya, sannan sauran. Matakin da ta fara maƙalewa shi ne ya kawo matsalar. Idan kuwa tun tana sabuwa fil, babu komai a kanta, an kuma cire Fast Startup, ta ƙi mutuwa, to kada a sake karɓar kuɗin fomatin daga hannun bawan Allah. A duba BIOS da faifai da allon na'ura.